Amsoshin Tambayoyinku: Masa, Tsire da Tukunyar Gida a Ƙasar Waje

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Daga nan Bauchi muke kawo muku filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako yawancinsu a kan abinci suke, da 'ya'yanmu da ƙannenmu da karatu ko aure ko neman halali ya kai su ƙasashen waje.

Ta farko daga wata Hajiya ce a Azare. Ɗanta yana karatu a Ingila, kullum aka yi waya kukansa kilishi. Wani maƙwabcinsu zai tafi can, tana so ta ba shi saƙon kilishi da dambun nama da man shanu, shi ne take tambaya yadda za ta ɗaure kayan kada su lalace.

Hajiya, Allah ya bar zumunci, amma don Allah kada ki ɗora wa bawan Allahn nan wannan kaya. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashe irin namu shiga da nama, da duk abin da aka yi da nama ko madara, ko da busasshe ne, ko da na cinsa ne shi kaɗai. Kilishi da dambu da man shanu duk sun faɗa ciki. Ba ƙyamar abincinmu suke yi ba, cutar dabbobi suke tsoro. A 2001 ciwon baki da kofato ya ɓarke musu, sai da aka kashe dabbobi sama da miliyan 6 kafin a shawo kansa. Amurka ma haka: duk abincin da ke jakarka sai ka bayyana shi, wanda ya ɓoye tararsa tana iya kaiwa dala 10,000. Ki haɗa masa busassun kayan miya: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, yaji. Kowanne a ƙulle shi daban, a rubuta sunansa a jiki, daddawar kuma a sa ta cikin kwalba mai murfi don kada ta kama tufafin mutane. Shi kuma mai ɗauka ya duba dokar ƙasar kafin ya tashi, in an tambaye shi ya faɗi gaskiyar abin da yake ɗauke da shi.

Sai wata amarya 'yar Gwallaga da ke Kanada. Ta ce: "Anti, ni 'yar Bauchi ce amma masa ta gagare ni. Ƙullun ba ya tashi, in na soya sai ta yi nauyi, ga shi ba ni da tanda."

'Yata, hannunki lafiya lau, shinkafar ce da sanyin garin. Doguwar shinkafar nan da aka turara, wadda ake dafa-duka da ita, ba ta yin masa ko a kasuwar Wunti ta nan Bauchi kika saye ta. Ki nemi farar ɗanyar shinkafa mai gajeren ƙwaya, irin wadda Japanawa da Koriyawa ke ci, mai danƙo in ta dahu. Ita ce kuma za ta yi miki tuwo. Ki jiƙa kofi uku ta kwana, ki dafa wani rabin kofi ya yi luguf, ya huce, ki haɗa ki markaɗa da 'yar albasa. Yis ɗin ki kwaɓa shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda yatsanki zai jure, don ruwan zafi kashe shi yake. A nan gida rana ce ke yi mana aikin tashi. A can ki rufe robar ki sa a cikin oben, ba tare da kin kunna wuta ba, fitilar ciki kawai za ki bari. Ki ba shi lokaci. Idan kin buɗe kin ga ya yi ƙofofi, yana 'yar kumfa, ƙamshin tsami ya bugi hancinki, to ya yi. Sannan ki sa sukari da gishiri, ki buga sosai.

Tanda kuwa, ki shiga shagon Indiyawa ki ce a ba ki kaskon "appe". Mutanen kudancin Indiya suna da wata waina tasu ta ƙullun shinkafa, kaskon nata mai ramuka ne kamar namu, sai dai ramukan sun fi ƙanƙanta. Tunda kin shiga, ki duba da kyau: gero suna ce masa "bajra", dawa "jowar", yakuwa "gongura", ga tsamiya ga zogale. Kabewa kuma a watan Oktoba cika kasuwannin Kanada take, ga alayyahu ga gyaɗa, miyar taushe ba ta da uzuri.

Wani ɗalibi a Alƙahira yana tambayar zoɓo. Ɗana, kana tsakiyarsa. Ka ce "karkade" a kowane shagon kayan ƙamshi, ka ƙara citta da kanumfari da kanka.

Wasiƙar da ta tayar mini da hankali ita ce ta wani matashi ɗan Misau da ke Amurka. Yana son yi wa abokansa tsire, amma ƙanƙara ta rufe ko'ina. Ya sayi murhun gawayi, yana tambaya ko ya hura shi a gareji ko a kicin, ya rufe ƙofa saboda sanyi.

Ɗana, na roƙe ka da girman Allah, kada ka yi. Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksayid, ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce dai iskar janareta da muke jin ta hallaka iyali guda cikin dare. Mutum zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, jiki ya mutu, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Buɗe taga ba ya isa. Ko wutar ta yi kamar ta mutu, garwashin yana ci gaba da fitar da ita, saboda haka ko bayan an gama gashi ba a shigo da murhun ɗaki don jin ɗumi. Na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi ma ba lallai ta ji wannan iskar ba, akwai tata daban. Ka tabbatar akwai ta a gidanku.

Tsirenka ka yi shi a oben, da wutar sama. Ka sayi nama marar jijiya wajen mahautan halal, Turkawa ko Somaliyawa ko 'yan Pakistan. Ka sa shi a firiza ya ɗan daskare, zai yanku fale-fale. Tsinken ka jiƙa shi a ruwa kada ya ƙone. In babu ƙuli-ƙuli, ka sami markaɗaɗɗiyar gyaɗa wadda ba a sa wa sukari ba, ka riƙa ɗiga ruwan zafi kana murzawa har mai ya fito, ka matse. Tunkuzar da ta rage ka soya ta bushe, ka daka da citta, barkono, masoro, kimba da gishiri. Ka shafa mai, ka barbaɗa, ka gasa, ka juya, ka sake barbaɗawa. In kaza ce, zafin cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyos. In lokacin zafi ya dawo, wuraren shaƙatawarsu da yawa suna da murhun gashi a fili.

Abu ɗaya kada ka manta: kafin ka miƙa wa maƙwabci ko abokin aiki, ka gaya masa akwai gyaɗa a ciki. A can akwai mutane da dama, musamman yara, da gyaɗa kaɗan ke kumbura musu maƙogwaro har numfashi ya tsaya.

Ta ƙarshe daga wani Alhaji a Dass. Ƙaninsa yana Malesiya, ya turo hoto duk ya rame. Ya ce daga Indomie sai burodi, a tsaye yake ci, shi kaɗai a ɗaki.

Alhaji, ranka ya daɗe, yaron nan ba yunwa kaɗai ke cinsa ba. Ya tashi a gidan da ake zagaye ƙwarya ɗaya, wannan ya miƙo ruwa wancan ya ture masa tsoka. Wanda ya saba da haka, in ya zauna shi kaɗai loma ba ta wucewa. Kuma mu iyaye muna da hannu, mukan kori ɗa namiji daga madafa, sannan mu sa shi a jirgi ko tafasa ruwan miya bai iya ba. Ka ce masa ranar Juma'a in an sallame kada ya yi saurin fita. Zai ga 'yan Najeriya, 'yan Nijar, 'yan Ghana, 'yan Sudan. Su haɗu su huɗu ko biyar, su yi karo-karo, kowa da ranar girkinsa. Ranar hutu a yi babbar tukunyar miya, a raba a robobi a sa a firiza. Ita kuma Inna a kira ta a bidiyo, a jingina wayar kusa da tukunya, ta nuna masa lokacin da ake kaɗa kuka da yadda ake riƙe maburgi. Da miyar kuka zai fara, don ta fi sauƙi, sannan tuwon.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya a kan fura da nono a ƙasar sanyi, da mai tambayar yadda ake layya a Turai, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.