Littattafan kisan kai na bakin teku sun hana ni barci

Salamu alaikum mutanen Jos, 'yan Gangare, 'yan Anguwan Rogo, ina gaishe ku daga Torquay, kudancin Ingila. Ku yi haƙuri da ƙugin iska, a bakin teku nake tsaye.

Kun ga jakar nan? Littattafai ne zalla. A shagon gwanjo na sayo su, fam ɗaya ko biyu kowanne, sabo kuwa sai ka ajiye kusan fam goma. Kanta guda na tarar maƙil da labaran kisan kai, yawancinsu a ƙananan garuruwan masunta. Ba abin mamaki ba ne, a garin nan aka haifi Agatha Christie, shahararriyar marubuciyar irin waɗannan labaran, a 1890, kuma duk watan Satumba ana bikin tunawa da ita.

Wallahi jikina ya yi sanyi da na fara karantawa. Ruwa zai janye, gawa ta bayyana a kan yashi, ko a tsinci ƙasusuwan wanda aka ce ya gudu shekara talatin da suka wuce. Kana zargin baƙo, ashe mai laifin yana cikin gida. Uba ya rufa wa ɗansa, uwa ta sani ta yi gum, kaka ta tsufa da abin a cikinta, kullum tana zaune bakin taga tana kallon ruwa. Gari ƙarami, kowa surukin kowa, wa zai tona? Kisan bai dame ni kamar shirun ba. Mu muna roƙon Allah ya rufa mana asiri, kuma ina kan wannan addu'ar, amma idan haƙƙin wani aka binne, zalunci ne, kuma jikoki ke biyan bashin.

Nan na tuna gida. Ba mu da teku, amma ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a Rayfield da Bukuru, ruwa lum, zurfi ba a magana. Marubutanmu, me kuke jira? Kun ƙware a soyayya da rikicin kishiyoyi, kun fi kowa sanin sirrin babban gida. Na rantse za ku fi waɗannan Turawan iya ba da irin wannan labari.

Af, dankalin da suke soyawa da kifi a nan, ko kusa bai kai na Bokkos ba. In ka saya, ka riƙe da kyau, tsuntsayen teku fizgewa suke yi daga hannu.

Duk mai zuwa karatu nan, kada ka fara littattafan nan a Disamba kana kai kaɗai a ɗaki. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi, iska na dukan taga har asuba. Kuma kafin ka kashe ko fam ɗaya, je laburaren gari ka yi kati, aro kyauta ne.