Me ya sa link ɗin aikin rukuninmu ya ƙi buɗewa?

Assalamu alaikum. Tun makon jiya saƙonni ke ta shigo min da tambaya iri ɗaya, galibi daga masu karatu ta intanet, wasu a jami'ar NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, wasu a kwasa-kwasan koyon sana'ar kwamfuta. Malami ya raba ku rukuni-rukuni, shugaban rukuni ya turo link ɗin takardar aikinku ta Google Docs, ka danna, sai ga abin da waya ta nuna maka. Ku dubi allon: "You need access", wato kana buƙatar izini. A kan wannan za mu tsaya yau.

Sauran kayan aikin kowa ya iya su. Zauren WhatsApp don magana. Google Meet don ganawa, na kyauta yana ba ku minti 60 idan kun kai mutum uku, Zoom kuma minti 40. Rubutun kansa a Google Docs. Mu wuce.

Link ba takardar ba ce. Kwatancen gida ne. An yi maka kwatance, ka zo har bakin ƙofa, amma maigadi bai san da zuwanka ba. Takardar guda ɗaya ce tak, tana ajiye a asusun wanda ya buɗe ta, kuma duk sabuwar takarda a kulle take har sai mai ita ya ba da izini.

Don haka shugaban rukuni, kai nake wa magana. Ka ga maɓallin nan, "Share"? A waya alamar mutum ce da ƙaramin giciye a gefensa. Danna. A wannan gurbi na sama za ka rubuta adireshin Gmail na kowane ɗan rukuni, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yi saurin turawa. Dubi gefe, akwai zaɓi uku. "Viewer" zai karanta kawai. "Commenter" zai iya barin sharhi a gefen shafi amma ba zai canja rubutun kai tsaye ba. "Editor" shi ne mai alƙalami a hannu. 'Yan rukuni duka a ba su na ukun. Malami kuwa, a ganina na biyun ya ishe shi, sai in shi ya nemi fiye da haka.

To, an yi duk wannan, amma har yanzu 'yar'uwarmu ɗaya tana cewa ya ƙi buɗewa. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har a fara zargin juna da rowa. Ku kalli wayar nan da kyau. Ranar da aka saye ta, mai shago ne ya buɗe mata Gmail don kawai a samu a sauke WhatsApp. Daga baya, da za ta yi rajistar makaranta, ta buɗe wani da cikakken sunanta, shi ta ba shugaban rukuni. Asusu biyu ke nan a waya ɗaya. Izinin yana kan sabon, waya kuma tana ƙwanƙwasa ƙofa da tsohon. Gyaran ba ya kai minti ɗaya. Buɗe manhajar Docs, taɓa hoton nan zagayayye a sama ta dama, zaɓi adireshin da kika bai wa shugaba. Koma kan link ɗin. Ga shi ya buɗe.

Na san abin da wasu za su ce: me zai hana a zaɓi "Anyone with the link", a ba kowa damar gyara a huta? Yana aiki, amma ni ba na son sa ga aikin da ake ba da maki a kai. Link yana yawo. Yau yana zaurenku, gobe wani ya tura shi zauren aji gaba ɗaya. Sannan duk wanda ya shigo ba da sunansa ba, Google yana nuna shi ne da hoton wata dabba. Ga su nan a jere a sama, ba ka san waye waye ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. A kwamfuta, shiga "File", sai "Version history". Kun ga kowane suna da launinsa, da rana, da lokacin da ya yi rubutu. Yarinyar da ta tashi ƙarfe biyun dare, lokacin da data ke da sauƙi, ta rubuta shafi uku, ga shaidarta a nan. Idan da ta shigo ba suna, wahalarta ta bi ruwa, ranar da malami ya tambayi wa ya yi me, ba ta da abin nunawa. A nan kuma za ku dawo da rubutu idan wani ya goge shi bisa kuskure.

Abu ɗaya da sauri. Kada ka sauke takardar cikin waya ka gyara a manhajar rubutu ta WPS, sannan ka turo zaure. Da zarar ka sauke, kwafi ne a hannunka, sauran ba sa ganin abin da kake yi. Idan netwok ne matsalar, taɓa ɗigo ukun nan, kunna "Available offline". Ka yi rubutunka, in netwok ya dawo zai haɗe da na kowa.

Shugaba, kada ka jira daren wa'adi. Yau ɗin nan ka tura link, ka ce kowa ya shiga ya rubuta sunansa a shafin farko. Wanda ba ka ga sunansa ba kafin la'asar, kira shi, ka tambaye shi Gmail nawa ke cikin wayarsa.