Hutun Ma'aurata a Tsibirin Sentosa

Kabiru: Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na tafiye-tafiye. Yau za mu tsallaka zuwa kudu maso gabashin Asiya, zuwa tsibirin Sentosa na ƙasar Singafo, domin mu duba ko ya dace da mata da miji masu neman hutun bakin teku da na wasan ruwa a wuri guda. Ina tare da Malama Bilkisu, wadda ta je can ita da maigidanta, da kuma ƙaninmu Sadiƙu, wanda ya bibiyar mana tarihin wurin. Sadiƙu, da kai za mu fara.

Sadiƙu: Na gode, Malam Kabiru. Sentosa ƙaramin tsibiri ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 5, yana kudu da babban tsibirin Singafo, kuma ruwan da ya raba su bai kai kilomita ɗaya ba. A zamanin mulkin Turawan Ingila sansanin soja ne, har yau tungar Siloso tana nan da manyan bindigoginta, waɗanda ba su hana sojojin Japan ƙwace Singafo a watan Fabrairun 1942 ba. A shekarar 1972 gwamnati ta kafa hukumar da aka ɗora wa aikin mayar da tsibirin wurin shaƙatawa, a 1974 aka buɗe kekunan da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe ta sama daga tsaunin Faber, sannan a 2010 aka buɗe katafaren rukunin otal-otal na Resorts World. Masu bin labaran duniya za su tuna cewa a otal ɗin Capella na wannan tsibiri Donald Trump da Kim Jong Un suka yi ganawarsu ta farko a watan Yunin 2018.

Kabiru: Malama Bilkisu, wannan bayanin takarda ne. Ke da kika taka wurin da ƙafarki, yaya kika ga bakin tekun?

Bilkisu: Malam Kabiru, ya kamata mai niyyar zuwa ya san abu ɗaya tun daga gida: kusan duk abin da zai gani a Sentosa hannun mutum ne ya shirya shi, har da rairayin da zai taka. Gaɓar tekun guda uku ce, Siloso da Palawan da Tanjong, kuma farin rairayinsu sayo shi aka yi daga ƙasashe maƙwabta aka shimfiɗa, aka dasa bishiyoyin kwakwa, aka jera 'yan tsibiran duwatsu a gaba domin su karya ƙarfin igiyar ruwa. Saboda haka ruwan a kwance yake, wanda bai iya iyo ba zai iya shiga zuwa gwiwa ko ƙugu hankalinsa kwance, muddin ya tsaya tsakanin tutocin ja da rawaya inda masu ceto ke sa ido. Amma idan ka ɗaga kai, ba teku fayau za ka gani ba. Manyan jiragen dakon kaya da na mai za ka gani jere sun jefa anka suna jiran shiga tasha, domin mashigin Singafo yana cikin hanyoyin ruwa mafi cunkoso a duniya.

Sadiƙu: Yaya Bilkisu, a nan nake da ja. Mutum ya tara kuɗi, ya yi doguwar tafiya, ya canza jirgi a Doha ko Adis Ababa ko Istanbul tun da babu jirgin da ke zuwa kai tsaye daga Najeriya, sannan ya ƙare da kallon jiragen dakon mai? Kuma a watan Yunin 2024 jirage biyu sun yi karo a tashar Pasir Panjang, man da ya malala ya isa gaɓar Sentosa, har aka hana shiga ruwa na tsawon makonni ana aikin sharewa. Mai neman teku mai garai-garai ai Zanzibar ta fi masa kusa.

Bilkisu: Ban musa maka ba, Sadiƙu. Wanda burinsa ruwa mai haske da kaɗaici, ya nufi Zanzibar ko Maldibs, zai fi samun biyan buƙata. A ganina bakin tekun Sentosa wurin zama ne da hira da yamma, ba shi ne dalilin zuwa ba. Dalilin zuwa shi ne sauƙi da tsari, da kuma dandalin wasan ruwan. Duk da haka gaɓoɓin ukun ba ɗaya suke ba, kuma ma'aurata su san wadda za su zaɓa. Siloso ta matasa ce, akwai kiɗa da ƙwallon raga da mashaya. Palawan ta masu yara ce, a nan ake da gadar igiya mai lilo da ke kai mutum wani ɗan tsibiri mai hasumiyoyi biyu na katako. Tanjong ita ce ta can ƙarshe, kuma a ranakun aiki ta fi sauran shiru. Can muka fi zama ni da Abban yara bayan la'asar, kuma akwai motar da ke zirga-zirga tsakanin gaɓoɓin kyauta.

Kabiru: To mu shiga dandalin wasan ruwan, tun da kin ce shi ne ƙashin bayan tafiyar.

Bilkisu: Sunansa Adventure Cove, yana cikin Resorts World, an buɗe shi a ƙarshen 2012. Abin da ya fi burge ni ba magangarun zamiya masu tsayi ba ne, wani kogi ne da aka gina mai tsawon mita 620, wanda ya zagaye dandalin. Za a ba ka tayar roba mai iska, ka zauna a ciki, ruwan da kansa zai ɗauke ka a hankali, ba sai ka motsa hannu ba. Yana bi da kai ta cikin kogo da ƙarƙashin itatuwa, sannan ya shiga wani rami mai rufin gilashi, inda kifaye ke wucewa ta saman kanka da gefenka. Maigidana ya riƙe hannun tayata domin kada ruwa ya raba mu, muka yi ta tafiya muna hira, wani lokaci tayar wani baƙo ta bugi tamu, a yi murmushi a wuce. Mutumin da ya girma a Kano ko Zinder bai taɓa koyon iyo ba zai iya shiga wannan kogi ba tare da fargaba ba, domin ruwan bai kai ƙirjin babba ba, kuma ana ba da rigar ceto ga duk mai so.

Sadiƙu: Na karanta cewa akwai wata zamiya da ke hawa sama maimakon gangarawa. Yaya ruwa zai tura mutum sama?

Bilkisu: Ita ce Riptide Rocket, kuma ba ruwan ne ke tura ta ba, ƙarfin maganaɗisu ne. A ƙarƙashin kwalekwalen robar da ake zama akwai farantin ƙarfe, a jikin hanyar kuma an shimfiɗa na'urorin lantarki da ke fizgar farantin, sai ka ji an harba ku sama a daidai inda kake zaton za ku tsaya. Ba ta cika minti ɗaya ba, amma layin jiranta ya fi na ko'ina tsawo, don haka gara a fara da ita da zarar an buɗe ƙofa. Akwai kuma wata mai layi biyu kafaɗa da kafaɗa, inda kowa zai kwanta rub da ciki a kan shimfiɗar roba a yi tsere. Abban yara ya riga ni isa ƙasa, ya ce ƙwarewa ce, ni kuwa na ce nauyi ne, kuma har yau ba a raba wannan gardama ba.

Kabiru: Allah ya bar ku tare. Kifayen da ake iyo a cikinsu fa?

Bilkisu: Amin, Malam. Wannan tafki ne na ruwan gishiri da suke kira Rainbow Reef, mai kifaye kusan 20,000. Ana ba ka tabaran ruwa da bututun numfashi da rigar ceto, ka kifa fuskarka ka bi hanya ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Ruwan ya fi na sauran wuraren sanyi, kuma a daƙiƙun farko numfashi ta baki yana rikita mutum, har ka ji kamar ka ɗago. Da zarar ka natsu sai ka ga kifaye masu rawaya da shuɗi suna wucewa dab da yatsunka, ba su damu da kai ba ko kaɗan. A nan gani ya kori ji.

Kabiru: Yanzu ga tambayar da na san tana zukatan masu sauraronmu da yawa, musamman mata, wato sutura da abinci da sallah.

Bilkisu: Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata kwaskwarima ba. Ni na sa kayan iyo na Musulmai mata, masu rufe jiki daga kai har idon sawu, kuma ba ni kaɗai ba ce, domin Musulmi sun kai kusan kashi 15 cikin ɗari na mutanen Singafo, ga baƙi daga Malesiya da Indonesiya. Babu wanda ya kalle ni sau biyu. Abin da ba a so a kan zamiya shi ne tufa mai ja da ƙasa ko mai maɓallin ƙarfe, saboda tana iya maƙalewa. Sai dai wurin na kowa da kowa ne, maza da mata a haɗe, kuma yawancin mutane suna cikin kayan iyo irin na Turawa. Wannan magana ce da ya kamata miji da mata su zauna su yanke tun kafin a sayi tikiti, kada a je bakin ƙofa ɗaya ya ɓata rai. Akwai kuma gidan caca a cikin Resorts World, amma ƙofarsa daban take, babu abin da zai kai ka can.

Sadiƙu: Batun abinci ya fi sauƙi, domin hukumar kula da harkokin Musulunci ta Singafo, wadda ake kira MUIS, ita ke ba da shaidar halal, kuma gidajen abinci suna liƙa takardar a inda kowa zai gani. Ga masallaci kuma, akwai na Temenggong Daeng Ibrahim a tsallaken titi daga cibiyar kasuwanci ta VivoCity, inda ƙaramin jirgin ƙasa mai shiga Sentosa yake tashi. Da yake ƙasar tana dab da layin Ikwaita da ya raba duniya gida biyu, rana tana fitowa wajen ƙarfe 7 na safe ta faɗi wajen 7 na yamma kusan duk shekara, don haka lokutan sallah ba sa motsawa sosai. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 7.

Kabiru: Wane lokaci ya fi dacewa a je, kuma ina kuɗi ya fi zurarewa?

Bilkisu: Zafi da gumi suna nan kullum, amma ruwan sama ya fi yawa daga Nuwamba zuwa Janairu. Singafo ƙasa ce mai yawan tsawa, kuma da zarar an ga alamar walƙiya ana fitar da kowa daga ruwa har sai hadari ya wuce, wanda yawanci da rana tsaka ko la'asar yake tasowa. Shi ya sa safiya ta fi. A guji ƙarshen mako da hutun makarantunsu na Yuni da Disamba, lokacin da tafkin igiyar ruwa ke cika kamar kasuwar Kwari ana gobe Sallah. Game da kuɗi, kwana a kan tsibirin ya fi kwana a cikin gari tsada nesa ba kusa ba, alhali jirgin da ke haɗa su 'yan mintuna ne. A gidajen abinci na zama kuma, farashin da ke kan takarda ba shi ne za ka biya ba, ana ƙara kashi 10 na hidima da kashi 9 na haraji. Akwatin ajiye kaya a dandalin ruwa ma na kuɗi ne.

Sadiƙu: Kuma ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Singafo, don haka a fara neman ta kafin a biya kuɗin otal ɗin da ba a mayarwa.

Kabiru: To madalla. Malama Bilkisu, Sadiƙu, mun gode muku, a gaida Abban yara. Masu sauraro, a nan za mu dakata, sai mun sake saduwa a shiri na gaba, wassalamu alaikum.