Malamar aji da digirin digirgir: hira da Yaya Rabi

Malam Bashir: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau mu uku ne a gaban makirufo: ni, da Malama Hadiza, da Yayarmu Rabi, wadda ta kare kundinta na digirin digirgir a fannin ilimi bara, kuma har gobe tana koyar da Hausa a sakandaren 'yan mata. Yaya, Allah ya sanya albarka.

Yaya Rabi: Amin summa amin, Malam Bashir.

Malama Hadiza: Ni yau da tambayoyi na zo. Shekara biyu ke nan da na gama digiri na biyu, duk lokacin da aka buɗe sayar da fom sai gabana ya faɗi. Yaya, me ya kai ki?

Yaya Rabi: Wata yarinya ce 'yar aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Na ba ta littafi na ce ta karanta. Ta ɗora yatsa a kan layi tana bi, bakinta na motsi, ashe abin da ta kusa da ita ta gama karantawa take maimaitawa. Na juya mata shafi, sai ta yi tsit, idonta ya kawo ruwa. Shekara shida a firamare, ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba, a harshen da ta sha a nono. Da na gwada sauran, na tarar ba ita kaɗai ba ce. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Tambayar da na kwana da ita, ita na kai jami'a: a ina ne karatun yaran nan yake tsinkewa?

Malam Bashir: Kin tuna mini da Farfesa Babs Fafunwa. Ya yi digirin digirgir a fannin ilimi a Jami'ar New York a 1955, ya dawo gida ya jagoranci gwajin nan na Ife da aka fara a 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi guda. Har yau duk mai maganar koyarwa da harshen uwa a Najeriya sai ya biya ta kan wannan aiki.

Yaya Rabi: Da shi na buɗe babi na biyu na kundina. Abin da ya burge ni, a cikin aji aka yi binciken, da yara na gaske.

Malama Hadiza: To mu sauko ƙasa. Me za a nema a wurina?

Yaya Rabi: Digiri na biyu irin na bincike, wanda kika rubuta kundi a cikinsa. Maki kuma, jami'o'i da dama suna son 3.5 cikin 5, amma ki duba sanarwar shekarar da idonki, ko ta Bayero ce, ko ta Ahmadu Bello, ko ta Usmanu Danfodiyo, don kowace da nata sharaɗin. Sai takardar hidimar ƙasa, da wasiƙun malaman da suka san ki. Abin da ke ɗaure mutane shi ne takardar sakamako ta dalla-dalla, wadda tsohuwar jami'arki za ta aika kai tsaye. Ki fara nemanta tun kafin a fara sayar da fom.

Malam Bashir: Da ɗan rubutun nan na abin da mutum yake son bincikawa.

Yaya Rabi: Furofozal. Nan na ga malamai 'yan'uwana suna cutar kansu. Mutum ya shekara goma sha biyar da alli a hannu, ya san matsalar ajinsa kamar yunwar cikinsa, amma sai ya shiga intanet ya kwaso take mai dogon Turanci wanda bai taɓa damunsa ba. Ranar da aka zaunar da shi gaban malaman sashe, tambaya biyu za ta watsa shi. Ni kuwa duk ta inda suka ɓullo, yarinyar nan nake tunawa, sai amsa ta zo.

Malama Hadiza: Kuɗi fa? An ce TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na biya.

Malam Bashir: A nan akwai gyara, Malama. TETFund na ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati ne, wato jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi. Malamin firamare ko sakandare ba ya ciki. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin wanda yake tsaye a kan tushen ginin shi aka bari ya ji da kansa.

Yaya Rabi: Da adashi na yi nawa. Kwasata biyu ta tafi a kuɗin makaranta, na sayar da tumaki uku don zagayen makarantun da na tattara bayanai. Na nemi hutun ƙaro karatu da albashi, fayil ɗina ya kwana a wani ofis da ba zan kama suna ba har na gaji da sintiri. Sai shugabar makarantarmu, Allah ya saka mata da alheri, ta tattara mini darussana daga Litinin zuwa Laraba. Alhamis da asuba ina tasha.

Malama Hadiza: Yaran gida kuma?

Yaya Rabi: Autana yana goye lokacin. Nakan tashi ƙarfe uku na dare, in jingina fitilar caji da kwanon sha, in yi rubutu har a kira assalatu. Akwai shafukan babi na uku da har yanzu suke da tabon koko. Maigidana ya tsaya mini, ƙanwarsa ta dawo gidanmu shekara guda. Ki zauna da mutanen gidanki tun kafin ki cike fom, Hadiza, ki gaya musu gaskiyar abin da za ki shiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malam Bashir: A takarda shekara uku ne ga mai karatu na cikakken lokaci. Ke nawa kika yi?

Yaya Rabi: Shida. Korona ta rufe makarantu a 2020, ga yajin aikin ASUU na wajen wata tara a shekarar, ga na 2022 daga Fabrairu zuwa Oktoba. Sannan malamin da ya fara duba aikina, babi ɗaya ya yi wata bakwai a kan teburinsa. Ban yi masa rashin kunya ba, malami uba ne. Na riƙa rubuta ranar da na kai aiki da ranar da na karɓa, da tura ta kai bango na je wurin shugaban sashe cikin ladabi. Wadda aka haɗa ni da ita daga baya, jan bironta ba ya barin layi ko ɗaya, amma sati biyu ta dawo miki da aiki. Kafin ki zaɓi sashe, ki nemi ɗaliban da ke ciki ki tambaye su wa yake karanta aiki.

Malama Hadiza: Ga tambayar da kowa ke yi mini: bayan wahalar nan, albashi ya ƙaru?

Yaya Rabi: Bai taka kara ya karya ba. Wanda albashi kaɗai yake hange, gara ya sani tun yanzu. Ƙofar da takardar ke buɗewa ita ce koyarwa a kwalejin ilimi ko jami'a, kuma an yi mini tayi. Ina tunani a kai, don can ne ake horar da masu takardar shaidar malanta ta NCE da za su karɓi yaran firamare. Amma ban shirya barin ajina ba tukuna. Dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 a bakin aiki, ina da sauran lokaci.

Malam Bashir: Yarinyar fa, Yaya?

Yaya Rabi: Da ita da ire-irenta na fara gwajin, rabin awa kullum bayan an tashi, daga ba, bi, bu. Kafin ƙarshen zango na biyu ta karanta mini shafi guda ba ta tsaya ba. Yanzu tana kwalejin koyon aikin jinya.

Malama Hadiza: Allahu Akbar. Ni ma akwai abin da ke damuna: 'yan matan da ke ɓacewa daga aji da zarar an shiga babbar sakandare. Ina da sunayensu a bayan rajista tun shekara huɗu.

Yaya Rabi: Kawo mini rajistar ranar Asabar bayan la'asar, mu zauna a kanta. Gobe kuma ki je ki nemi takardar sakamakonki.

Malam Bashir: Masu sauraro, a nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, Malama Hadiza za ta gaya mana yadda ta kaya a ofishin. Mu kwana lafiya.