Me ya sa sakamakon ƙaramar firamare ke hawa da sauka?

Assalamu alaikum. Akwai wata irin takarda da ke yawo a WhatsApp duk lokacin da sakamakon 'yan aji shida ya fito. Mu ɗauka ta wata ƙaramar firamaren gwamnati ce a ƙauye, an rubuta cewa bara kashi 90 cikin 100 na ɗalibanta suka ci jarrabawa, bana kuma kashi 70. Kafin la'asar an gama yanke hukunci, wasu na cewa hedimasta ya yi sakaci, wasu kuma na cewa malamai sun koma kasuwa.

Bari mu fara da rajista, a gurguje. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta mayar da karatun firamare da shekara uku na ƙaramar sakandare kyauta kuma wajibi a Najeriya. A farkon shekarar karatu ake rubuta sunayen yara, alƙaluman su wuce ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan su kai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, kuma da su ake lissafin malamai da kujeru da littattafai. Manufar ilimi ta ƙasa ta tsara malami ɗaya ga ɗalibai 35.

Yanzu ga inda ake yin kuskuren, don haka za mu ɗan zauna a kai. Mu ɗauka 'yan aji shida na makarantar ƙauyen nan suna zaune a kan benci ɗaya, mu ƙirga su. Su goma ne, kuma su ne dukkan waɗanda suka zauna jarrabawar. Idan ɗalibai goma ne a aji, kowane yaro shi kaɗai yana riƙe da kashi 10 cikin 100 na sakamakon makarantar gaba ɗaya. Bara tara suka ci, shi ne kashi 90, bana bakwai suka ci, shi ne kashi 70. Faɗuwar da ake ta kuka a kanta yara biyu ce kacal, kuma yana yiwuwa ɗaya zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da shi a makon jarrabawa, ɗayar kuma ta shafe rabin zango a gidan kakarta. Malamai ba su canja ba, littattafai ma su ne na bara.

Ku dubi wata makarantar a cikin gari, mai 'yan aji shida 200. Idan yara biyu suka faɗi a can, sakamako zai sauka da kashi 1 ne kawai, babu wanda zai lura. A babbar makaranta, yaron da ranar ta zo wa da kyau yakan rufe giɓin wanda ta zo wa a karkace, saboda haka adadin yakan tsaya kusa da inda yake. A ƙarama kuwa babu yawan da zai rufe, shi ya sa take tashi sama kwatsam, ta kuma sauko kwatsam.

Kada mai kallo ya ji kunya idan wannan ya taɓa ruɗa shi, domin ya ruɗi manyan masu kuɗi. Gidauniyar Bill Gates ta zuba kimanin dala biliyan 2 a gyaran makarantun sakandare na Amurka, mafi yawa wajen kafa ƙanana, a lokacin da ake yawan nuni da yadda ƙananan makarantu ke cika jerin zakaru. Masana ƙididdiga biyu, Howard Wainer da Harris Zwerling, sun binciki sakamakon 'yan aji biyar na makarantu sama da 1,600 a jihar Pensilbeniya, suka tarar lallai ƙananan sun yi yawa a sahun gaba, amma da suka leƙa ƙarshen jerin sai suka same su cike da wurin. A 2009 Bill Gates da kansa ya rubuta cewa da yawa daga ƙananan makarantun da suka tallafa wa ba su ɗaga ƙwazon ɗalibai a zo a gani ba.

Mu dawo bencinmu, domin akwai abin da ya fi damuna. Ga rajistar ajin, sunaye 25 ne a ciki, amma goma suka zauna jarrabawa. Sauran 15 ɗin, wasu damina ta kai su gona, wasu suna talla ranar kasuwa, wasu iyayensu sun tashi da garke, wasu kuma sunan ne kawai ya rage a takarda. Idan adadin bara ma haka yake, aka raba taran da suka ci a kan 25, kashi 90 ɗin da aka yi ta murna da shi ya koma kashi 36. A ganina makarantar da ta riƙe yara masu rauni har suka zauna jarrabawa, sakamakonta ya sauka saboda haka, ta fi wadda ta tura haziƙai goma ta samu tafi.

Saboda haka idan irin takardar nan ta sake shigowa wayarka, ka tambayi yara nawa ne a rajista, nawa suka zauna, nawa suka ci, sannan ka nemi na shekara huɗu ko biyar a jere, ka haɗa su wuri ɗaya. Aji biyar masu yara goma-goma sun zama yara 50, kuma a nan kowane yaro kashi 2 yake riƙe da shi. A makarantu da yawa adadin 'yan rajista na rubuce da alli a allon ofishin hedimasta, maza da mata, aji-aji.