Amsoshin Tambayoyinku: Goɗiyar da ke Birkicewa

Mai gabatarwa: To jama'a, lokaci na ƙurewa, ga wasiƙu jibge. Wani daga Agege yana tambaya, wata nawa goɗiya ke yi da ciki?

Likita: Wata 11, wajen kwana 340.

Mai gabatarwa: Mutumin Agege, ka ji. Sai wannan, wadda mutum huɗu suka aiko irinta. Wani ɗan'uwa da ke ɗora masu shan iska a bakin ruwan Elegushi ya ce goɗiyarsa lafiya lau take, har yara yake ɗorawa. Amma lokaci-lokaci sai ta birkice. Ta kwantar da kunne, ta ɗaga wutsiya, ta yi ta fitsari kaɗan-kaɗan, in ya zo ɗaure majanyi ta kai masa harbi. Ya zane ta har ya gaji, yanzu an ce masa sammu ne. Haba Malam, dabbar da kake ci da guminta?

Likita: Ba sammu ba ne, ingarma take nema. Abin yana zagayo mata kusan duk kwana 21, ya yi kwana 5 zuwa 7. A ƙasashen sanyi sai lokacin da yini ya yi tsawo suke yi, amma mu nan Ikko dare da rana kusan kai ɗaya suke, shi ya sa wata takan yi duk shekara. Ka ga filin folo na Ikoyi, tun 1904 ake wasa a kulob ɗin, kuma 'yan folo suna son goɗiya saboda zafin namanta...

Mai gabatarwa: Likita, ranka ya daɗe, mu koma Elegushi. Me zai yi?

Likita: Ya fara ajiye bulalar nan. Ya samu kalanda, ranar da ta fara ya sa alama, ranar da ta huce ya sa. In ya ga mako uku-uku ne, ya gano bakin zaren. A kwanakin nan ya nisanta turkenta da na ingarma, ya ɗaure majanyi a hankali don kwiɓinta ba ya son taɓi, kada kuma ya tsaya a bayanta.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita. A ƙirga kwana, a raba ta da ingarma, a ja majanyi sannu-sannu. Ni kuma nawa ra'ayin, kada a ɗora mata ɗan kowa a makon nan, ko da ranar Lahadi ce kasuwa na ci. Kuɗin yini ɗaya ba zai biya karayar yaro ba.

Likita: Haka ne. Akwai magani, Regumate, ana ba ta a baki kullum, yana kwantar da abin. Amma sai likitan dabbobi ya rubuta, a sa safar hannu, mace mai ciki kuma kada ta taɓa shi, yana ratsa fata. In kuwa faɗan ba ya yankewa, har tana hawan 'yan'uwanta kamar ingarma, a kawo ta a duba, ƙari a ma'ajiyar ƙwai yana sa haka.

Mai gabatarwa: Allah ya saka da alheri, Likita. Hajiyar Idi-Araba mai tambaya kan kaska, ki yi haƙuri, da ke za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.