Amsoshin Tambayoyinku: Yara nawa ya kamata a zuba a aji ɗaya?

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da war haka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Kumasi. Wasiƙun wannan mako kusan duk bakinsu ɗaya, cunkoson yara a azuzuwan makarantun gwamnati na Zangonninmu. Ni kuwa kun taɓo ni inda yake mini ƙaiƙayi, domin na daɗe riƙe da alli kafin in zauna a wannan kujera.

Wasiƙa ta farko daga Aboabo ta fito, daga wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai. Ta ce: “Hajiya, ɗana yana aji 3 a firamare. Na je kai masa kuɗin abinci na leƙa ajinsu, na tarar da yara 74 da malama ɗaya, su huɗu-huɗu a bencin mutum biyu. Har yau bai iya karanta sunan mahaifinsa ba. Laifin yaron ne ko na cunkoson? In cire shi in kai shi ta kuɗi?”

'Yar'uwa, da farko ki sassauta wa yaron nan. Zo mu yi lissafi tare. In darasi na awa ɗaya ne, yara 74, ko malamar ba ta rubuta komai a allo ba, ba ta tsawata wa kowa ba, kowane yaro bai samu minti ɗaya cikakke ba. In ta ba su aiki ta ce za ta duba kowane littafi na minti 2 kacal, ta ci kusan awa biyu da rabi, a darasi ɗaya ke nan. Shi ya sa malama take koyar da layuka uku na gaba, na baya kuma su bi da amshi. Na yi wannan da kaina, kuma har yau yana damuna. Akwai yarinyar da ta shekara a ajina tana amsawa da ƙarfi tare da sauran yara, sai dab da jarrabawa na kira ta gaban allo na gane ko baƙi ɗaya ba ta rabewa. Haddar sauti take yi, bakinta yana motsi, ni kuma daga nesa ina ganin ta iya.

Masana sun gwada wannan magana. A jihar Tenesi ta Amurka, daga 1985 aka yi shekara 4 ana bin yara a makarantu 79, tun daga ajin share fage har aji 3. An raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu a aji mai yara 13 zuwa 17, wasu a mai 22 zuwa 25. Na ƙaramin aji suka fi a karatu da lissafi, kuma waɗanda suka fi kowa amfana su ne 'ya'yan talakawa da 'ya'yan baƙar fata. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗan mai hali in bai gane a aji ba, akwai mai koya masa a gida da yamma, akwai littattafai a ɗaki. Ɗanki kuwa, ke kina bakin wuta tun kafin asuba, mahaifinsa yana nema, malamar nan ita ce kaɗai damarsa. Ki lura kuma, su ajin da suke kira babba, yara 25 ne. Namu ya ninka shi kusan sau uku.

Game da makarantar kuɗi, kada ki yi gaggawa. Akwai nagari, akwai kuma wadda ɗaki ne aka raba da katako, malamin da kansa bai daɗe da gama sakandare ba. Gani ya kori ji. Ki je ki ƙirga yaran ajin, ki buɗe littafin ɗaya daga cikinsu ki ga ko akwai jan biro a ciki. Kafin nan, ki samu hedimasta da malamar cikin mutunci, ki roƙi a dawo da yaron gaba, a kuma duba idonsa da kunnensa a asibiti. Da yamma ki sa yayansa ko ɗan maƙwabta ya zauna da shi minti 20, baƙi-baƙi, kamar yadda muka koyi allo. Aji 3 bai makara ba, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wasiƙa ta biyu, wani matashi ne daga Asawase mai karatun aikin malanta. Ya ce: “Mama, na ji a wasu ƙasashe doka ce ta ƙayyade yawan yara a aji. Me zai hana mu matsa a kafa irinta, kowane aji kada ya wuce 35, hedimastan da ya wuce a hukunta shi?”

Ɗana, gaskiya ka ji. Mutanen jihar Fulorida ta Amurka sun kaɗa ƙuri'a a 2002 suka sa abin a kundin tsarin mulkin jiharsu: yara 18 a ƙananan azuzuwa, 22 a na tsakiya, 25 a sakandare. A 2022 aka yi wa birnin Niyok doka irin wannan. Ina son iyaka, amma ƙarshen maganarka ya tsorata ni. A ce gobe an gaya wa hedimasta a Sawaba cewa in ya wuce 35 aikinsa na cikin haɗari, alhali ɗakunansa shida ne, malamansa shida. Me zai yi? Zai rufe rajista. Su wa za su rage a bakin ƙofa? Yaron da bai da takardar haihuwa. Yarinyar da aka kawo daga Bawku ko Yendi a tsakiyar zangon karatu. Marayan da babu mai tsaya masa. 'Yar mai dakon kaya a kasuwar Kejetia wadda uwarta ba ta san ranar rajista ba. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, wanda ya san wani zai samu gurbi ko ta halin ƙaƙa. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkinmu na 1992 ya ce ilimin farko kyauta ne kuma dole ne ga kowa. Ba zan goyi bayan rage aji ta hanyar mayar da yara titi ba.

Ka kuma dubi abin da ya samu Kalifoniya a 1996. Sun sauke ƙananan azuzuwa zuwa yara 20 a gaggauce a faɗin jiha, sai ga buƙatar dubban malamai lokaci ɗaya. Ƙwararru suka bar unguwannin talakawa suka koma inda aiki ya fi sauƙi, aka cike gurbinsu da waɗanda ba su gama horo ba, wasu ɗakunan ajiye littattafai aka mayar da su aji. Talakan da aka ce don shi ake yi, shi ya fi shan wahalar sauyin. Faransa ta fi burge ni. A 2017 ba ta ce ko'ina ba, ta fara da ajin farko na firamare a unguwannin da suka fi talauci, ta raba shi gida biyu, kimanin yara 12 a kowanne. Ka ga nan an san inda ciwon yake. In za ku matsa, ku matsa a kan haka: ɗaki da malami tukuna, a fara da ajin share fage zuwa aji 3, a fara kuma da unguwanni irin namu.

Wani dattijo daga Akwatia Line ya rubuto a taƙaice: “A da ana yin na safe da na rana. A dawo da shi mana, aji ya rabu biyu ba tare da an sayi bulo ko ɗaya ba.”

Baba, Allah ya ƙara girma, a nan kam zan ɗan saɓa maka. Tsarin yana raba aji, amma yana raba lokacin karatu ma. Hukumar birnin Accra ta soke shi a makarantunta a 2010 saboda irin ɓarnar da aka gani. Yaro ya ce wa uwarsa shi na rana ne, ya ce wa malami shi na safe ne, ya wuni yana talla ko yawo. Mu kuma muna da ƙarin matsala, yaran da ke zuwa makarantar allo da yamma sai an tilasta musu zaɓi tsakanin karatu biyu. Ko a sakandare mun ɗanɗana irinsa. Bayan an fara karatun sakandare kyauta a Satumban 2017 ɗalibai suka yi yawa, a 2018 aka raba su rukuni biyu, na kore da na ruwan zinariya, wasu suna makaranta wasu suna gida. Iyaye sun san tsawon zaman gidan nan. In ruwa ya ci gini ko iska ta yaye rufi, a yi shi na ɗan lokaci, da babu gara ba daɗi. Amma a rubuta ranar dainawa tun ranar farawa.

Sai wata malama da ta nemi a sakaya sunanta da na makarantarta. Ta ce: “Yaya, yara 68 gare ni a aji 4, muryata ta dushe, iyaye suna zagina. Kafin a gina mana ɗaki, yaya zan yi?”

Ƙanwata, sannu, Allah ya saka miki. Ba ke kika tara su ba. Tun 2005 da gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta daga wuyan iyaye ta kuma fara ciyar da yara, rajista ta cika, abin alheri ne, sai dai gini bai bi sawun yaran ba. Ga abin da nake so ki riƙe. A yammacin Kenya an gwada raba ajin farko daga yara sama da 80 zuwa 40 da 'yan kai. Ragin shi kaɗai bai kawo wani babban canji ba. Inda aka ga ci gaba shi ne inda aka raba yaran bisa abin da kowa ya iya, aka koyar da su daga inda suka tsaya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da wannan hanya, kuma an gwada irinta a makarantun Ghana da matasa masu taimaka wa malamai.

To ki ɗauki mako ɗaya, kullum ki kira yara goma sha wani abu, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta miki 'yan layuka. Za ki samu waɗanda ba su san baƙi ba, da masu haɗa kalma, da masu karanta labari. Ki ware awa ɗaya kullum kowane rukuni ya zauna wuri ɗaya, masu ƙarfi su riƙe na tsakiya, ke ki tare wajen na ƙasa. Ki riƙa juya wurin zama duk Litinin don kada bencin baya ya zama gadon wasu. In yaro bai ji Turanci ba, ki faɗa masa da Hausa ko Tuwi ya gane, sannan ki koma. Iyayen da ke zaginki kuwa, ki gayyato su su tsaya a bakin taga minti goma.

Tambaya ta ƙarshe daga Tafo Zango, wani direba ne, ya ce: “Wa za mu kama a kan gini?” Malam, gina makarantun firamare yana wuyan majalisar gunduma, akwai asusun GETFund na tallafa wa ilimi a Ghana tun 2000, akwai kuma Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017. Makarantunmu na Turanci da Larabci da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987, su ma suna da haƙƙi a ciki. Babbar matsalar Zango fili ce, don haka ku nemi bene a kan tsohon gini in harsashinsa zai ɗauka. Kada ku je da baki kawai. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ƙirga yara aji-aji, da bencina, da malamai, a rubuta, hedimasta ya gani, liman da sarkin unguwa su sa hannu, a kai wa wakilinku na majalisar gunduma da daraktan ilimi da ɗan majalisar dokoki, ku riƙe kwafi mai hatimi.

Ku aiko mana da kwafin nan ma, zan karanta alƙaluman a wannan fili ba tare da ambaton sunan malami ko yaro ba. Akwai wasiƙa daga Yalwa a kan banɗakin 'yan mata a makarantu, lokaci bai bar mu ba, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.